Inna Ci-karo da Gado na Shida

Ni mutum ne mai ƙorafi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shekara ashirin da ɗaya ina koyar da rubutun wasiƙa a makarantar sakandare, saboda haka idan aka ɓata mini rai ba na tsayawa cacar baki a titi, gida nake komawa in zauna in tsara takarda. Na rubuta wa masu ruwan famfo, na rubuta wa masu kwashe shara, na taɓa rubuta wa maƙwabcina shafi biyu a kan zakaransa. Matata ta ce ranar da na rasa wanda zan kai ƙara, kaina zan kai. To, a duk takardun da na rubuta a rayuwata guda ɗaya ce ta yi aiki nan take, cikin awa biyu, kuma a kan matar da ta ceci raina na rubuta ta.

Inna Ci-karo ake ce mata a asibitin, tun daga masu gadi har manyan likitoci. Mai goge ɗakunan marasa lafiya ce. Gajeriya, mai faɗin kafaɗa, ta doshi shekara sittin, tana tafiya cikin takalman roba da suka fi ƙafarta girma, kana jin su fat-fat tun daga ƙarshen baranda. Sunan kuwa ba sharri aka yi mata ba. Ba ta taɓa gama goge ɗaki ba tare da sandar mofarta ta goge ƙasa ko bokitinta ya daki ƙafar gado ba. Gado goma sha biyu, sai ta daki tara, ta ba tara haƙuri, gobe ta sake.

Daga baya, da na fara zuwa gaishe ta a gida, ta ba ni labarin yadda abin ya samo asali. Tana 'yar shekara ashirin ta shiga asibitin, a ɗakin wanki, inda ake dafa zannuwan gado a manyan tukwane. Wata rana ruwan bilic, sinadarin nan mai ƙarfi na faranta zane, ya fantsar mata a idon hagu. Idon bai mutu ba, amma tun daga ranar ta daina auna tazara daidai. Abin da take gani da ɗan nisa, ashe yana gab da ita. Aka ɗauke ta daga wanki aka mayar da ita goge-goge a ɗakin maza masu jiran tiyata, ta yi shekara talatin da ɗaya a can. Ko a gida ba a tsira ba. Mijinta, tsohon magini da ɓarin jikinsa ya shanye, yana zaune a kujera bakin ƙofa da rediyonsa, ya ce mini kujerar nan ta sha duka fiye da jakin haya.

Wani tsohon likitan tiyata, wanda suke ce wa Dogon Likita, shi ya fara gane amfanin abin. Kullum da safe sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a baya, yana kallonta tana aiki. Ita ta ɗauka laifi yake nema. Ranar nan sai ya kira ta.

"Ci-karo, wa ya yi miki ihu yau?"

"Na gado na uku, Likita. Wallahi ba da gangan ba ne."

"Tsaki ya ja, ko ciki ya kama?"

"Ciki ya kama, ya naɗe."

Kafin azahar an shiga da na gado na uku tiyata. Dogon Likita ya zaunar da ita ya yi mata bayani: idan wani abu ya kumbura a cikin mutum har ya fara taɓa bangon ciki, ba ya jure girgiza komai ƙanƙantarta. Tun daga nan ya zama kullum sai ya tambaye ta kafin ya fara zagaye, ita kuma ta buɗe ido ta koyi sauran: yadda irin waɗannan mutane suke kwanciya da ƙafar dama a tanƙwashe, yadda suke ture abinci, yadda nas take ɗauke musu kofin ruwa da zarar an ce za a shiga da su. Ba ta iya rubuta sunanta da kyau ba, amma ta ce mini, "Malam, mai tsaki lafiyarsa ƙalau. Mai zagi ma da sauƙi. Wanda ya kama ciki tun kafin ya samu bakin zagina, shi nake kai wa Likita."

Dogon Likita ya yi ritaya, ya rasu. Waɗanda suka san wannan sirri suka watse ɗaya bayan ɗaya. Aka miƙa aikin tsabtar asibitin ga wani kamfani, kamfanin ya kawo mai duba ma'aikata, wani siririn mutum mai fayil a hammata, tare da doka guda: ƙorafi uku a rubuce, an sallame ka. Su ba su san wani Dogon Likita ba, sun dai san tsohuwa mai dukan gadaje. Lokacin da annoba ta shigo, Inna tana da ƙorafi biyu a fayil. Aikin nan kuwa da shi take riƙe da gidanta da mijinta, ba ta da wani.

Da aka buɗe ɗakin killace masu cutar numfashin nan, aka nemi masu goge-goge, kowa ya sunkuyar da kai. Ita ta ɗaga hannu. Ta ce sauran suna da ƙananan yara a gida, nata sun girma sun yi aurensu.

A nan muka haɗu. Tari da zazzaɓi suka kai ni, gwaji ya nuna na kamu, aka ba ni gado na shida. Ɗakin dogo ne, gado shida a kowane gefe, a ƙarshensa akwai bangon gilashi da ƙofa, bayan gilashin kuma teburin likita da nas. Rigunan kariya sun yi ƙaranci, irin fararen nan da ke rufe mutum daga kai har ƙafa, don haka likita ba ta shigowa sai sau ɗaya a rana. Sauran lokaci ta gilashi take leƙen mu, in akwai magana a yi ta wayar da ke manne a bango. Duk wanda ya shigo, da takunkumi da tabarau da safar hannu, ba ka gane namiji ba ka gane mace, sai abin da aka rubuta masa a ƙirji da alƙalamin allo. Ita Inna hoton bokiti ta zana a nata. Sau uku take shigowa a rana, wato ta fi kowa ganin mu kusa.

Kwana na uku da yamma ciki ya fara murɗa mini a wajen cibiya, na yi amai sau biyu. Na ja jiki na je waya na gaya wa likitar. Matashiya ce, idanunta sun yi zuru-zuru don gajiya, marasa lafiya goma sha biyu a gabanta, uku a kan iskar oksijin. Ta ce cutar tana yin haka, rabin ɗakin ma suna fama da ciki, ta aiko mini da ƙwayoyi. Ban ga laifinta ba ko a yau. A watannin nan duk abin da ya sami mutum, cutar ake ɗora wa. Da ƙafa ka karye ma sai an fara tambayarka ko kana jin ƙamshi.

Da gari ya waye ciwon ya bar cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, ya yi zaune daram. Na kwanta na tanƙwashe ƙafar dama, don a haka kawai nake samun sauƙi. Aka kawo abin karin kumallo, ko kallonsa ban iya yi ba. Ƙarfe bakwai da rabi na ji fat-fat, na ji bokiti. Gado na huɗu, gau, "Yi haƙuri, Baba." Gado na biyar, gau, "Yi haƙuri, Tela." Sai nawa.

Jama'a, sai da na ga taurari da rana tsaka! Wani abu ya soke ni daga ƙasan ciki har ƙwaƙwalwa. Na ƙwalla ƙara, na naɗe, na kama ciki da hannu biyu. Sai da numfashina ya dawo sannan na samu bakin magana, na kuwa yi amfani da shi.

"Ke wace irin mata ce? Makauniya ce ke? Kashe mu aka turo ki ki yi?"

Ba ta ba ni haƙuri ba, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan. Ta jingine mofa ta matso, tana leƙo ni ta cikin tabaran da ya yi gumi.

"Malam, ina ne ya amsa?"

"Ina ruwanki?"

"Miƙe ƙafar nan in gani."

"Ba zan miƙe ba! Likita ce ke?"

Ta dubi farantin da ban taɓa ba. Ta dubi ƙafata. Sai kawai ta ɗauke farantin, ta ɗauke kofin ruwana da gorar gaba ɗaya, ta kai su can ƙarshen ɗaki ta ajiye a kan taga.

"Kada ka ci komai, kada ka sha komai. Ko Tela ya ba ka kada ka karɓa."

Na cika na batse. Mai goge ƙasa ta dake ni, ta kuma ƙwace mini abinci! A bangon da ke saitin gadona akwai takarda mai ɗauke da lambar kai ƙorafi. Na jawo wayata, ina nishi ina rubutu, na tsara sakin layi uku masu kyau: rana, lokaci, lambar gado, siffar mai laifi har da hoton bokitin ƙirjinta, laifi na ɗaya duka, laifi na biyu ƙwace, laifi na uku shiga aikin da ba nata ba. Na rufe da cewa ina sa ran ganin mataki. Ko a aji ban taɓa rubuta samfuri mai kyansa ba. Na tura, na ɗaga murya na sanar da ɗaki.

Tela na gado na biyar, mutum mai barkwanci da ko tari bai hana shi surutu ba, wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, ya fa kai ƙararki a rubuce."

Ta tsaya da matse mofa. Sannan ta ce, "Ta uku ke nan." Ta nufi wayar bango.

Ina jin ta tana cewa, "Sista, na gado na shida cikinsa ne, ba cutar ba ce. A gaya wa Likita ta zo ta taɓa shi." Ban ji amsar ba, amma na gan ta ta gilashi: nas ɗin ta nuna fayil ɗina, ta nuna agogo, alamar an riga an duba shi, zagaye sai ƙarfe biyu. Inna ta sake magana, nas ta ajiye waya ta ruga wajen wani aiki. Inna ta gama goge ɗakin, amma ta ƙi fita. Ta zauna a kan bokitinta da ta kife, cikin rigar nan mai zafi kamar tanda, ta zuba wa gadona ido.

Wajen ƙarfe tara da rabi sai ga mutum biyu a bayan gilashi. Likitar ta dawo daga wani ɗakin, ga kuma siririn mai fayil, da wayarsa a hannu, yana karanta takardata yana nuna Inna da yatsa, yana yi mata alama ta fito. Har ga Allah na ji daɗi a lokacin. Na ce yau dai ga hukumar da ta san darajar takarda.

Inna ta miƙe ta ɗauki mofa. Maimakon ƙofa, sai ta nufi gilashin ta ƙwanƙwasa da sandar, ƙwas, ƙwas, ƙwas, saitin fuskar likita. Likita ta ɗago. Inna ta nuna idanunta da yatsu biyu, ta nuna layin gadajenmu: ki kalla. Ta san mai fayil yana tsaye. Ta san abin da ke cikin fayil ɗin. Ta juya ta je gado na ɗaya, ta ɗaga sanda, ta daki ƙafarsa da gangan.

Gau! Mai gado na ɗaya ya ja tsaki. Gau! Na biyu ya buɗe ido ya rufe. Gau! Na uku ya ce, "Haba Inna!" Mai fayil ya buɗe baki ya dafe kai, yana ganin laifi na huɗu da na biyar da na shida suna faruwa a gabansa. Gau! Tsohon gado na huɗu ko motsi bai yi ba. Gau! Tela ya ɗaga hannu biyu yana dariya yana tari. Ni kuwa ina ganin ta tana matsowa, na gane abin da ke tafe, na fara, "Kada ki kuskura, kada ki..."

Ba ta ma dake shi da ƙarfi ba, ɗan taɓawa ta yi. Ihun da na yi, an ce har masu gadi sun ji. Na dunƙule wuri guda, gwiwa a ƙirji, hannu a ƙasan ciki, gumi ya karyo mini. Inna ta juya ta fuskanci gilashi, ta dafa ƙasan cikinta ta dama, ta tsaya.

Ban taɓa ganin mutum ya sa rigar kariya da sauri irin na likitar nan ba. Kujerarta ma faɗuwa ta yi. Cikin minti biyar tana kaina. Ta danna hagu, na daure. Ta danna dama a hankali, ta saki farat ɗaya, na kusa tashi sama.

"Tun yaushe ya koma nan gefen?"

"Tun asuba."

"Afendis ne," in ji ta. "Ɗan wutsiyar hanjin nan ne ya kumbura. Malam, in ya fashe a ciki, ga wannan cutar a ƙirjinka, ba na son in faɗi sauran. Sista! Kira mini likitan tiyata, ki ce yanzu!"

Daga nan asibiti ya kacame. Aka ɗebi jinina a guje. Likitan tiyata ya zo, wani ƙaton mutum da rigar ta yi wa kaɗan, ya taɓa ni sau ɗaya ya ce a shirya ɗaki. To shirya ɗaki a lokacin ba wasa ba ne. Mai cutar ba ya shiga inda ake yi wa sauran mutane aiki, sai ɗakin tiyata na can ƙarshe da aka ware. Aka fitar da duk abin da ba a buƙata, aka lulluɓe sauran da leda. Aka ƙirga rigunan kariya da suka rage, aka ce mutum biyar kawai za su shiga, kuma wanda ya shiga ba ya fita sai an gama. Masu gadi suka kori kowa daga baranda, suka rufe ƙofofi. Tela yana daga kwance yana ba da rahoto kamar mai sharhin ƙwallo: "Ga gadon turawa nan ya shigo! Ga shi sun ɗaga Malam! Malam, ka rubuta musu takarda in sun yi gudu da yawa!"

Suka sa mini takunkumi biyu, suka rufa mini leda, suka tura. Fitilun rufin baranda suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, duk inda tayar gadon ta taka gaɓar daɓe sai na ji har raina. Tsoro ya kama ni sosai, na tuna ko sallama ban yi da matata ba. A bayanmu kuma ina jin fat-fat, fat-fat. Inna ce take bin sawunmu da bokitin magani, tana goge duk inda muka bi, don a samu a buɗe wa mutane hanya. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe a ranar.

A ɗakin tiyata mai ba da maganin barci ya sunkuyo kaina. Ya ce saboda ƙirjina ba sa son su sa ni barci su zura mini bututu a maƙogwaro, allura zai yi mini a gadon baya, daga ƙirji zuwa ƙasa ya mutu, ni kuwa idona biyu.

"Yaushe rabonka da abinci?"

"Tun jiya da rana."

"Ruwa fa? Ko shayin safe?"

"An ƙwace," na ce.

"Wa ya ƙwace?"

"Mai goge-goge."

Ya dubi likitan tiyata, likitan tiyata ya dube shi. Mai maganin barcin ya ce, "To ka gode mata. Da ka cika ciki da safen nan, da yanzu muna wata maganar."

Haka aka yanka ni ina ji ina gani, ko in ce ina ji, don sun kafa zane a gabana. Ba zafi, sai jan nan da turi kamar ana laluben abu a aljihunka. Ba sa jin juna sosai ta cikin takunkumi, sai ihu suke yi wa juna. Tabaran likitan ya yi ta yin hazo, yana tsayawa yana karkata kai yana neman inda zai leƙa. Gumi ya taru a safar hannunsu har ina jin ƙararsa. Ni kuma tari yana taso mini, mai maganin barci yana dafe da kafaɗata yana cewa, "Riƙe shi, Malam, riƙe shi, saura kaɗan." Can sai na ji likitan ya ce, "Yauwa! Ga ɗan banzan nan!" Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki sowa.

Likitan ya zagayo da shi a cikin 'yar kwalba ya nuna mini. Bai fi yatsana ba, amma ya kumbura ya yi suntum, bakinsa ya yi baƙi. Ya ce, "Ka ga nan? Fatar ta yi siriri kamar takardar shayi. Da mun jira zagayen ƙarfe biyu, da a cikinka za mu tarar da shi a watse. Wa ya gano ka?" Kunya ta rufe ni, na kawar da kai.

Aka mayar da ni gado na shida. Washegari ƙarfe bakwai da rabi na kasa kunne. Wani ne ya shigo, dogo, ya goge ɗakin tsaf bai taɓa ko gado ɗaya ba. Na tambayi Tela ina Inna.

"Kai za ka tambaya? An sallame ta tun jiya. Tana gama goge baranda mai fayil ya karɓi katinta. Ya ce takardarka ba ta bar masa ƙofa ba, komai ka rubuta dalla-dalla, ga shi kuma ya gani da idonsa."

Ɗinkin cikina bai yi mini ciwon da maganar nan ta yi ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mace ta zauna awa biyu a kan bokiti tana gadin raina, ta san na riga na yanke mata hanyar abinci, ta kuma ƙarasa yankewa da hannunta don a zo a taɓa ni. Na juya fuska bango na yi kuka, Tela ya yi kamar bai ji ba.

Na tura saƙon janyewa ta waya. Aka amsa cewa ƙorafi ana karɓarsa ta waya, amma janyewa sai da takarda da sa hannun mai ƙara. Na nemi takarda da biro, nas ta kawo. Na rubuta. Sai aka ce ai takardar da ta shiga ɗakinmu ba ta fita, ƙona ta ake yi. Likitar ta rubuta nata bayanin, likitan tiyata ya rubuta nasa, aka ce duk an gani, amma na mai ƙara ake jira. Nan fa tsohon halina ya motsa, wannan karon ta hanyar da ta dace. Na ce wa likita ta taimaka ta kira mini mai fayil bakin gilashi.

Kwana uku da tiyata na sauko daga gado. Hannu ɗaya a kan ɗinki, ɗaya riƙe da sandar ƙarin ruwa, takarda a baki. Daga gado na shida zuwa gilashi bai fi taku ashirin ba, amma sai da na huta sau uku. Da na isa na manna takardar a gilashi da tafin hannuna, saitin hancinsa. Shafi biyu ce. Na faɗi abin da ta yi, na faɗi abin da na yi, na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ni ne mai laifi. A ƙasa akwai sa hannuna, da na Tela, da na duk wanda ya iya riƙe biro a ɗakin, tsohon gado na huɗu kuma ya dangwala yatsa da tawadar biro. Da na waiwaya, ashe mutum bakwai sun taso sun tsaya a bayana, kowa da tarinsa.

Mai fayil ya karanta shafin farko. Na juya masa na biyu. Ya ɗaga waya ya ɗauki hotonsu, ya tsaya yana kallonmu, sannan ya tafi. Kwana ɗaya, biyu, biyar, shiru. Dogon nan yana ta goge ɗaki ba ƙara ba motsi, ni kuwa na tsani tsabtarsa.

Ranar da gwajina ya fito babu cutar, aka ce gobe da hantsi matata za ta zo ƙofar asibiti ta ɗauke ni. Washegari da safe na haɗa 'yan kayana na kishingiɗa, ina tsara takarda ta gaba a kaina, wadda zan kai ofishin kamfanin da ƙafata. Ban ji buɗe ƙofa ba. Abin da na ji shi ne gado na huɗu, gau. Gado na biyar, gau, da ihun Tela, "Ta dawo! Wallahi ta dawo!"

Sai nawa. Gau! Ɗinkin ya ɗan motsa, shi ke nan. Na ɗago na ga farar riga, da hoton bokiti a ƙirji, sabon zane, hannun bokitin a karkace. Duk jawabin da na kwana goma ina shiryawa ya gudu. Ta leƙo ni ta cikin tabarau.

"Malam, ina ne ya amsa?"

"Babu ko'ina, Inna," na ce, hawaye yana shiga mini takunkumi. "Inna, ki yafe mini."

"Miƙe ƙafar in gani."

Na miƙe ta har ƙarshen gado.

"To madalla. Ɗaga takalmanka, zan goge ƙarƙashi."